Foldar Kowa

A ofishin masu zanen gine-gine da ke hawa na biyu, saman shagon masu sayar da tayal, kowa Kawu yake ce masa. Manaja ma, wanda ya gaji kujerar daga mahaifinsa, haka ya buɗe ido ya ji ana kiransa, bai taɓa tambayar kawun wane ne ba. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, da wata tafiya ta sauri-sauri kamar kullum akwai mai jiransa. Shekaru da yawa kuwa akwai ɗin.

Yana saurayi ya zo, a matsayin masinja, zamanin da ake zane da hannu a kan manyan takardu. Aikinsa ya naɗe zane daga teburin mai zane ya kai wa injiniya, injiniya ya yi masa kaca-kaca da jan biro, ya sake naɗewa ya mayar. Ta haka ya san kowa ciki da bai: wanda ba a yi wa magana sai ya sha shayi, wanda ya kwana da faɗa a gida, wanda ke ɓoye kuskurensa a ƙasan takarda. Zane ba ya tafiya shi kaɗai a hannun Kawu. Yana tafiya da gaisuwa, da ɗan tsegumi, da ban haƙuri in an yi cacar baki.

Da kwamfuta ta zo, aka kwashe teburan zane aka jibge a baranda, aka kawo wata baƙar na'ura aka sa a tsohon sito, aka ce ita ce uwar sauran, a cikinta aikin kowa zai riƙa kwana. Saba ake ce mata. Waɗanda suka kafa ta suka nemi wanda za su nuna wa yadda ake kula da ita. Injiniyoyi suka kalli juna. Wa zai bar zane ya je ya zauna a sito da na'ura mai gurnani? Aka ce a nuna wa Kawu, ai shi ba ya ƙin aike. Haka ya koya, da yatsu biyu, tabarau a karan hanci, yana shan gyara yana haɗiyewa. Bai zama gwani ba, kada a yi masa ƙarya. Ya dai san na'urarsa yadda mai tsohuwar mota ya san tarinta.

Tsarin da aka yi, kowa da akawun ɗinsa da kalmar sirrinsa da foldarsa, kamar ɗaki da kwaɗo. Ba mai leƙa na wani. Kawu kaɗai ke da izinin shiga ko'ina. Ka ga masinja ya koma masinja ke nan. In mai zane ya gama, sai ya ɗaga murya ya kira shi, Kawu ya je sito ya ɗauki fayil daga wannan folda ya sa a waccan, sannan ya tako da ƙafarsa ya ce wa injiniya, "Na sa maka." Akwai waya a kan teburinsa, amma ba ya amfani da ita don wannan.

Shekarun barin aiki suka zo suka wuce, ba wanda ya ta da maganar, don in Kawu ya tafi wa zai kai zane? Shi ma ya san da wannan igiya kaɗai yake rataye. Matarsa ta rasu da daɗewa. Ɗansa ya ɗauko shi ya ba shi ɗakin baya, ɗaki mai kyau, da fanka da labule da talabijin. Surukarsa kuwa mutuniyar kirki ce har abin ya yi yawa. In ya ɗauki tsintsiya ta karɓe. In ya sunkuya zai gyara famfo mai ɗiga ta ce, "Haba Baba, ka bari, za a kira mai gyara." Ko kofi ba a barinsa ya wanke. A gidan nan ana sonsa, ana ciyar da shi, amma ba a taɓa neman komai a wurinsa ba, kuma hutun ƙarshen mako yana yi masa tsawo kamar jinya. Abin da yake tsoro a duniya shi ne ranar da za a ce ya koma ɗakin nan ya zauna gaba ɗaya.

Wata safiya Manaja ya kira shi ofis. Ya dawo daga ziyarar wani kamfani, kuma duk sanda ya dawo daga irin wannan ziyara sai wani ya sha wahala.

"Kawu, zauna. Can na ga suna da folda guda ta kowa da kowa. Kowa ya sa, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Ba kira, ba jira. Tamu za ta iya?"

"Za ta iya, ranka ya daɗe."

"To me ya sa ba mu yi ba tuntuni?"

"Ba a ce a yi ba."

Manaja ya yi dariya. "To ga shi an ce. Kai ma ka huta da zirga-zirgar nan, ƙafafunka sun yi mana bauta."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Kawu ya ce to, ya fito.

Da yamma bayan an tashi ya shiga sito ya ja ƙofa. Aikin ba shi da wuya. Ya buɗe sabuwar folda ya sa mata suna Kowa. Ya kafa rukuni, ya zuba sunayen ma'aikata a ciki ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙa foldar ga rukunin, ya ba su izinin shiga da ajiya. Saura mataki ɗaya, ɗan gajeren umarni da ke gaya wa na'ura cewa duk abin da aka ajiye a nan ya zama na rukuni, kowa yana iya gyarawa. In ba a ba da shi ba, fayil na nan a matsayin na wanda ya ajiye shi: saura za su gani, za su buɗe, amma in sun gyara ba zai karɓa ba, sai mai izinin ko'ina ya zo ya sake shi.

Kawu ya san umarnin sarai. Ya ma rubuta shi. Yatsansa na kan maɓalli, na'ura na ta gurnaninta, sanyin ɗakin na ratsa masa ƙashi. Ya ce wa kansa gara a fara gwadawa a hankali. Ya ce ai mutanen nan ba su da kula, in aka sakar musu za su taka aikin juna. Duk hujjoji ne masu kyau, kuma ya san ba su ne dalili ba. Tsoro ne kawai. Ya goge layin, ya kashe fitila, ya tafi gida.

Washegari kafin a gama gaishe-gaishe aka fara. "Kawu, ta ƙi ajiyewa." "Kawu, wannan ya kulle." Yana zuwa ya duba, ya girgiza kai kamar likita, ya tafi sito, ya dawo ya ce, "Gwada yanzu." A gwada ta yi. Kira ma ya fi na da yawa. Manaja ya tambaye shi sau ɗaya ko haka abin yake, ya ce na'urar ta tsufa, sai ana lallaɓa ta. Manaja, da ba ya son maganar sayen sabuwa, bai ƙara tambaya ba.

Mutanen ofis kuma suka ƙirƙiro tasu dabarar. In Kawu na can yana salla ko ya sauka sayen wani abu, wanda fayil ya ƙi masa sai ya ajiye kwafi da wani suna. Nan da nan Kowa ta cika da 'ya'ya da jikoki: "sabo", "sabo na biyu", "na ƙarshe", "na ƙarshen gaske", har da wani "wannan ne wallahi". Kawu yakan bi da yamma ya tambayi kowa wanne ne na gaskiya, ya share tarkacen. Wannan ma aiki ne, kuma ya ji daɗinsa. A watannin nan har ƙiba ya yi. Surukarsa ta ce girkinta ne, bai musa ba.

A cikin masu kiran nasa akwai Maman Biyu. Ita ce sabuwa a masu zane, ko da yake ba yarinya ba ce. Ta bar aiki shekaru tana rainon tagwayenta, mijinta ya yi haɗari ya kwanta, ta dawo neman aiki ta tarar duk manhajojin zane sun canja fuska. Gwaji aka ɗauke ta, ba a tabbatar da ita ba tukuna. Takan zo kafin kowa ta zauna tana koyo, kuma ba ta kiran Kawu daga kujera kamar saura. Tasowa take ta tsaya a ƙofar sito ta ce, "Kawu, na zo da damuwata kuma." Shi kuwa ya ce, "Kawo ta nan, 'yata, mun ga waɗanda suka fi ta."

Sai idonsa na hagu ya yi yana. Ya daɗe yana ɓoyewa, yana karkata kai in zai karanta, har ranar da ya zuba shayi a gefen kofi a gaban ɗansa. Aka kai shi asibiti aka sa ranar yi masa aikin ido. Ranar da zai tafi hutun ya tsaya a sito ya yi tunanin umarnin nan. 'Yan kwanaki ne, in ji zuciyarsa. Bari su ɗan ji rashinsa, ba laifi ba ne mutum a ji rashinsa.

Yana kwance da bandeji a ido abin ya faru. Akwai wani injiniya da ake ce wa Dogo, shi ke riƙe da aikin wani ginin makaranta. Ya sa zanen harsashi a Kowa ya yi tafiya. Daga hanya ya bugo wa Maman Biyu ya ce mai gini ya faɗaɗa matakala, don haka ta matsar da ginshiƙan gefen gabas a zanen, Manaja zai buga shi a takarda ya aika wurin gini kafin a tashi. Ta buɗe ta gyara. Ta zo ajiyewa, fayil ya ƙi, don na Dogo ne. Ta kira wayar Kawu. Surukarsa ce ta ɗauka, don ta karɓe wayar tun a asibiti.

"Baba na hutawa. Likita ya ce kada a dame shi."

"Minti ɗaya kawai, don Allah."

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Ko mene ne, zai jira."

Maman Biyu ta yi abin da kowa ke yi, ta ajiye kwafi ta sa masa "sabo". Ta tashi za ta gaya wa Manaja, aka ce yana da baƙi. Tana jira aka bugo daga makarantar yara, ɗaya cikin tagwayen zazzaɓi ya kayar da shi. Ta bar saƙo wurin wani abokin aiki ta fita a guje, shi kuma saƙon ya kwana a bakinsa. Manaja ya buɗe Kowa, ya ga "sabo" iri-iri har sun fi a ƙirga, ya ɗauki mai suna tsaf na Dogo ya buga. Kafin a farga an ɗaure rodi an zuba kankare. Ginshiƙi ya tsaya ƙiƙam a inda matakala za ta bi.

Ranar da Kawu ya dawo, da baƙin tabarau, ya tarar da ofis tsit. An fasa kankare, mai gini ya zo ya yi ta ruwan masifa, ya ce sai ya ga an hukunta wani. Dogo tsohon hannu ne. Manaja kuwa ba zai hukunta kansa ba. Teburin Maman Biyu a share yake, ko kofinta babu.

Ya ji labarin a tsaye, ya nemi kujera. Daga nan ya tashi ya shiga wurin Manaja ba tare da an kira shi ba, abin da bai taɓa yi ba.

"Ranka ya daɗe, maganar yarinyar nan. Fayil ɗin ne ya ƙi mata. Akwai abin da ya kamata a ce na sa a foldar, ban sa ba."

"Kawu, kana asibiti. Ina ruwanka a ciki?"

"Tun farko nake nufi. Da na sa, da ta gyara na Dogon kai tsaye."

Manaja ya ɗaga hannu, idonsa na kan waya. "Na san halinka, kowa ɗanka ne. Na'ura ta tsufa, kai ka faɗa mini. Ita ya kamata ta tsaya ta gan ni. An gama wannan magana, mai gini ma an gaya masa. Yaya idon?"

Nan ne wurin da zai ce ƙarya na yi maka, na'ura lafiyarta ƙalau, da gangan na bari. Ya hango ɗakin baya da labulensa. Ya ce, "Da sauƙi."

"Madalla. In ka zauna ka cire sunanta daga na'urar."

Ya je sito ya cire sunanta daga rukuni. Sannan, da ido ɗaya mai gani tar da ɗaya mai ruwa, ya rubuta umarnin nan ya danna. Bai ɗauki lokacin da ake ɗauka a sha ruwa ba. Wannan ne ya fi ƙona masa rai, ƙanƙantar abin.

Daga ranar Kowa ta zama ta kowa. Ana sawa, ana ɗauka, ana gyarawa. Kwanakin farko wasu kan ɗaga murya bisa sabo, sai su ce, "A'a, bar shi, ta yi." Daga baya wannan ma ya ɗauke. Kawu yakan zo da wuri ya share ƙurar da babu, ya zauna a sito ƙofa a buɗe, kunnensa a waje. Yakan zaga tebura ya yi gaisuwa, a amsa masa ido na kan allo. Ba wanda ya wulaƙanta shi. Mutum ba shi da abin cewa da yawa ga wanda ba ya kawo masa komai, shi ke nan. Ƙibar ta zube, tafiyar saurin ta tafi, har masu tayal na ƙasa suka fara tambayarsa ko jikin ne.

Dogo ne ya ce a taro, da nufin yabo, tun da aka gyara wa Kawu ido na'ura ma ta warke. Aka yi dariya. Manaja ya yi dariyar shi ma, amma ya daɗe yana kallon Kawu. Ba a yi wata biyu ba ya kira shi ya zaunar, ya yi dogon jawabi kan amana da yadda mahaifinsa ke yabonsa. Daga ƙarshe ya ce wani kamfani zai riƙa duba na'urar daga nesa. "Ka gyara mana gida, Kawu. Yanzu ka je ka ci moriyar jikokinka." Kawu ya yi godiya. Shi ya san ba zalunci aka yi masa ba, kuma sanin bai rage masa komai ba.

A makonsa na ƙarshe, da tsakar rana, yana saukowa daga matakala ya ga Maman Biyu a bakin shagon tayal. Ta rame, ta rungumo jaka a ƙirji. Ta ce ta zo karɓar takardar shaidar aiki, amma ta kasa hawa.

"Yaya yaron?"

"Ya warke, Kawu. Babansu ne dai jiya i yau."

"Aiki fa?"

"Ina nema. In an ji dalilin barina sai a ce za a kira ni." Ta yi ɗan murmushi. "Na ji an ce za ka huta. Na ce ko ba komai in gan ka in yi godiya. A ofishin nan kai kaɗai ne ban taɓa jin kunyar tambaya ba."

"'Yata, wannan fayil ɗin…"

"Kada ka ce komai, na san za ka kare ni. Na yi ta juya abin a raina. Garaje na yi. Kullum kai ke buɗe mana, na sani sarai. Da na ce wa Dogo a dakata sai Kawu ya dawo, da yanzu ina kan kujerata."

Motar tayal ta tsaya ana sauke kaya, ma'aikata na ta a ba su hanya. Suka matsa gefe. Ya dube ta da idon da aka gyara masa, yana ganin komai tar, har zaren da ya fara warwarewa a hannun jakarta. Yanzu ba shi da kujerar da zai tsare, ba abin da gaskiya za ta ƙwace masa sai wannan kallo da take masa. Wannan kallon kuwa, ya kasa yarda ya rasa shi.

Ya ce, "Tsaya nan, bari in hau in karɓo miki takardar."

Ya juya ya kama ƙarfen matakala. Yana hawa yana jin kunyar daɗin da ya ji, don an daɗe ba a aike shi ba.